Jif Mai Fetur Ko Jif Mai Lantarki: Daga Aljihun Wa?



A bikin raba kyaututtuka na wata makaranta a yankinmu, ƙarshen zangon da ya wuce, manyan baƙi biyu sun iso a makare kamar yadda aka saba, kowanne cikin baƙar jif mai duhun gilashi. Ɗaya ta shigo tana gurnani. Ɗayar ta sulalo shiru, har sai da mai gadi ya yi tsalle gefe don bai ji tahowarta ba. Yara suka fasa layi suka yi mata zobe, aka ce musu wannan ba ta shan mai, caji ake yi mata kamar wayar hannu. Da aka zauna a rumfa, malaman da aka ɗora wa hidimar baƙi sun ji hirar da manyan suka cinye rabin bikin da ita: idan lokacin sauya motocin ofis ya yi, wacce ta fi dacewa a saya wa manyan jami'ai, mai fetur ko mai lantarki? Wannan ya ce zamani ya juya, wancan ya ce hanyoyinmu sai mai fetur. A bayan rumfar akwai ajin da iska ta yaye wa kwano damina biyu da suka wuce, kuma babu ɗayansu da ya waiwaya ya dube shi.

Mun ga ya dace mu sa baki a wannan muhawara, ko da ba a gayyace mu ba. Za a ce me malamin makaranta ya sani game da motar miliyan ɗari da ɗoriya, shi da babur ɗinsa ma na bashi ne? Amsarmu guda biyu ce. Mu muke koyar da kimiyya da lissafin da aka ƙera motocin da su. Kuma kuɗin da za a saye su, daga baitulmalin da ake ce mana ya bushe duk lokacin da muka tambayi bashin ƙarin girma za a ɗebo shi.

Bari mu fara da yi wa motar lantarki adalci, domin malami ba ya ƙaryata gaskiya don ta fito daga bakin wanda yake jayayya da shi. Injin fetur ɗan ɓarna ne tun asali. Daga ƙarfin da ke cikin kowace lita, abin da yake kaiwa ga tayoyi bai cika wuce kashi ɗaya bisa uku ba, sau da yawa ma bai kai ba; sauran yana tafiya a zafi, ta salansa da lagireto. Injin lantarki kuwa yana mayar da kusan kashi tara cikin goma na wutar da aka ba shi zuwa motsi. Ba ya bukatar juyen baƙin mai, ba shi da fulogi, ba ya fitar da hayaƙi a kan titi, kuma idan direba ya rage gudu, injin kan juya ya zama janareta ya mayar da wani abu cikin batir. Babbar jif mai fetur, irin su Land Cruiser da Lexus LX, takan sha wajen lita 15 a tafiyar kilomita 100 cikin gari. Takwararta mai lantarki takan ci wajen yunit 25 a wannan nisa, yunit ɗin nan dai da muke saye a mita. Idan lita tana naira 1,000, yunit kuma yana naira 200 da 'yan kai, ta farkon ta ci naira 15,000, ta biyun ba ta kai 6,000 ba. Duk ɗalibin aji ɗaya na sakandare zai iya wannan lissafi, kuma ba mu da ja a kansa.

Inda muke ja shi ne wurin da masu wannan lissafi suke ajiye alli. Ba su faɗa mana daga ina wutar za ta fito ba.

Batirin manyan jif na lantarki, irin su BMW iX da Mercedes EQS, yakan ɗauki yunit 100 ko fiye kafin ya cika. Ƙasarmu mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba megawat tsakanin 4,000 da 5,000 a yawancin kwanaki, abin da bai kai na wani babban birni guda a wasu ƙasashe ba. Babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024 kaɗai. A watan Oktoban shekarar, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan wani layin da ke kawo wuta daga kudu ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun kwana fiye da mako guda cikin duhu. Dukanmu mun tuna: masu niƙa sun rufe, masu walda sun zauna, ƙanƙara ta zama zinariya, mu kuma muka yi makin jarrabawa da fitilar waya, wayar da sai an biya kuɗi a shagon caji. A irin waɗannan kwanaki, da me mai girma zai yi cajin motarsa? Da janaretan gidansa, wanda ofis ke zuba wa dizal. Litar dizal a janareta takan ba da wajen yunit uku. Ke nan tafiyar kilomita 100 za ta ci lita takwas zuwa tara, kusan abin da jif mai injin dizal za ta sha da kanta ba tare da an zagaya ba. Hayaƙin bai ɓace ba. An ɗauke shi daga bayan mota an kai shi bayan katanga, inda maƙwabta za su shaƙa. An sauya wa tuwo suna kawai.

Idan kuwa aka ce gidan mai girma yana kan layin da ake kira Band A, wanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana tun da aka ninka masa kuɗi a Afrilun 2024, to wannan ma amsa ce da ke cizon mai ita. Wutar da ake da ita ba ta ƙaru ba. Abin da aka tura wa unguwannin masu hali, daga rabon unguwanninmu aka yanko shi.

Ga wani lissafin da muka yi a ɗakin malamai, kowa ya gwada da kansa. A ɗauki aji guda, a sa masa fankar sama huɗu, kowacce mai wat 70, da ƙwan fitila huɗu masu wat 10. Jimla wat 320. A kunna su awa shida, daga taron safe zuwa tashi: bai cika yunit biyu ba. Cajin jif ɗin nan sau ɗaya, yunit 100, ya ishi makaranta mai aji goma ta yi mako guda cur, Litinin zuwa Juma'a, yara suna karatu da iska da haske a tsakiyar zafin Afrilu. Wanda ya taɓa tsayawa gaban yara tamanin a ƙarƙashin kwanon da ba shi da silin, ƙarfe ɗaya na rana, ya san cewa a wannan lokacin ba koyarwa ake yi ba, jiran ƙararrawa ake yi. Kuma idan aka ce ai da hasken rana za a yi cajin, mun yi wannan lissafin ma. Farantin sola babba yakan ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a yini a ƙasarmu ta Arewa. Cika batirin a yini guda yana bukatar faranti arba'in zuwa hamsin. Faranti hamsin a rufin garejin mutum ɗaya, ko faranti hamsin a rufin makarantu biyar? Wannan ita ce tambayar da ba a yi ba a ƙarƙashin rumfa.

Kada mai jif ɗin fetur ya yi murmushi, ya zaci mun tsaya a bayansa. Nasa laifin ya girmi na abokinsa, don ya daɗe yana yi.

Hujjarsa ita ce hanyoyinmu ba su da kyau, kuma babu wurin caji tsakanin gari da gari, don haka sai mota mai ƙarfi mai babban tanki. Mun taɓa jin wannan hujja. A ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 600 kuma ake roƙon talaka ya ƙara haƙuri, Majalisar Tarayya ta saya wa mambobinta sababbin jif. Jaridu sun ruwaito cewa kowacce daga cikin na 'yan Majalisar Wakilai 360 ta kai wajen naira miliyan 160, jimla fiye da biliyan 57, ban da na sanatoci 109. Da aka yi ca a kansu, cikin abin da suka kare kansu da shi har da lalacewar hanyoyin mazaɓunsu. A duba wannan magana da kyau. Mutanen da ke amincewa da kasafin gina hanya, waɗanda aikinsu ne su bi sawun kuɗin su ga an yi aikin, su ne suke cewa hanyar ta lalace, don haka a saya musu motar da ba za su ji ramukan ba. Malamar da ke bin wannan hanya a bayan ɗan acaɓa, da juna biyu, zuwa makarantar ƙauye, ita wa zai saya mata abin da zai hana ta jin ramukan?

A lokacin, mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. A raba miliyan 160 da 30,000: wata 5,333, wato shekara 444. Ma'aikacin da ya fara aiki tun kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, bai ci ba bai sha ba, da har yau bai gama tara kuɗin mota ɗaya ba. Da aka ɗaga albashin zuwa 70,000 a Yulin 2024, lissafin ya sauko zuwa shekara 190, sai dai farashin motocin ma bai tsaya jira ba. Tankin wasu manyan Land Cruiser yana cin lita 110. Lokacin da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, cika shi sau ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, kuma a wurare da yawa malaman firamare sun daɗe suna jiran a fara biyansu sabon albashin ma. Wanda ake cika wa tanki da takardar ofis bai san farashin mai ba. Shi ya sa yake iya tsayawa gaban makirufo ya ce a jure.

Saboda haka idan aka tambaye mu wacce muka zaɓa, amsarmu ita ce duk kanwar ja ce muddin da kuɗin jama'a za a saya. Wanda ya tara dukiyarsa ta halal, ya biya haraji, ya ga dama ya sayi jif mai fetur ko mai lantarki ko mai tashi sama, tsakaninsa da aljihunsa ne, kuma idan ya nemi shawararmu za mu ce masa ya duba wutar unguwarsu, da nisan tafiye-tafiyensa, da ko akwai makanikin da ya san motar a garinsu, domin batirin da ya lalace ba a gyara shi a gindin bishiya, kuma zafi irin namu yana rage masa kwana. Wannan hirar masu kuɗi ce. Amma jami'in da albashinsa da namu daga tukunya ɗaya ake kwasowa, ba shi da hurumin ya mayar da zaɓin abin hawansa wata babbar muhawarar ci gaba.

Abin da ya fi damunmu da sabuwar muhawarar shi ne rigar da ta sanya. Da, idan babban mutum ya sayi motar ƙasaita da kuɗin gwamnati, yakan ɗan sunkuyar da kai. Yanzu an samo masa kalmomin da zai ɗaga kai da su: kare muhalli, sauyin yanayi, tafiya da zamani. A watan Mayun 2024 gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikatunta su daina sayen motoci masu fetur, su koma masu iskar gas da makamantansu. A watan Oktoban shekarar kuma aka sanar da cire harajin VAT daga motocin lantarki. Manufar ba ta da laifi. Amma dokar da ba ta bambanta bas ɗin haya da motar alfarma ba, wanda ya fi kuɗi shi ya fi cin moriyarta, don mafi tsadar mota ita ke samun mafi girman rangwame. Ƙasar Norway, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a 2024 masu lantarki ne, ta gane wannan: tun 2023 ta mayar da haraji a kan abin da ya haura wani adadi na farashin motar lantarki, don kada talaka ya riƙa tallafa wa mai kuɗi. Kuma Norway ta fara da wuta ne kafin mota. Kusan duk lantarkinta daga ruwa take samu. Habasha ma, da ta hana shigo da ƙananan motoci masu fetur a 2024, ta yi haka ne tana gina babbar madatsar ruwa a kan kogin Nilu mai ba da fiye da megawat 5,000. Mu ne kawai muke son mu sayi sirdi kafin doki.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na malamai, wanda ba ma jin ana ambata. Batirin waɗannan motoci da ma'adinai ake yin sa, musamman litiyam, a wasu kuma har da kobal. Mafi yawan kobal na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma an daɗe ana kawo rahoton yara a ramukan haƙarsa. Litiyam kuwa ga shi nan a ƙasarmu. An buɗe masana'antar sarrafa shi a jihar Nasarawa a 2024, kuma a ƙarshen shekarar 'yan jarida suka nuna yara ƙanana, waɗanda ya kamata a ce suna aji, suna tsintar duwatsunsa a ramukan da ba su da izini a jihar. Ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa yaranta fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, yawancinsu a Arewa, ita ce yaranta ke haƙo dutsen, a fitar da shi da araha, a mayar da shi batir a wata nahiya, a dawo da shi cikin motar da za a saya da kuɗin da ya kamata ya gina wa yaron aji. Ba mu ce a daina haƙar ma'adinai ba. Mun ce wanda zai hau motar ya yi mana wa'azin tsabtar muhalli, ya fara tambayar inda kujerar yaron nan take a rajistar makaranta. Mu muke kiran suna kowace safiya, mu muka san layukan da babu mai amsawa.

Masu cewa girman ofis yana bukatar babbar mota, su koma tarihi, ba na nesa ba. Bayan kashe Janar Murtala Muhammad a Fabrairun 1976, gwamnatin da ta gaje shi ta ɗauki tsarin rage facaka, Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Ofis bai rushe ba, kuma ma'aikatan Kaduna sun samu aiki. A Burkina Faso, Thomas Sankara ya sayar da motocin Marsandi na gwamnati, ya ce ministoci su hau Renault 5, ƙaramar mota mai araha. A gida kuma muna da namu. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, ya koyar a Bauchi da Maru, ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa a 1983 ba a san shi da tara abin duniya ba. Yau filin jirgin sama da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa. Waɗanda suka yi zamani da shi suna ji da dogayen motoci, sai an yi bincike kafin a tuna sunayensu.

Mu dawo kan lantarki, don kada a fita da labarin cewa malamai sun ƙi ci gaba. Muna son motar lantarki, muna ma ganin mun fi manyan bukatarta. Ribar injin lantarki tana fitowa ne a abin hawan da ke yini yana zirga-zirga a gajeren zango, yana tsayawa yana tashi, yana ɗaukar mutane da yawa: bas ɗin cikin gari, A Daidaita Sahu, babur ɗin haya. Jif ɗin babban jami'i takan yini a inuwa tana jiran mai ita ya fito daga taro; mai nauyin tan biyu da rabi zuwa uku, don ɗaukar mutum ɗaya da jakarsa. Batirinta guda, in aka rarraba, zai tayar da babura masu yawa, domin batirin babur na lantarki yunit uku zuwa huɗu ne. A Kigali da Nairobi 'yan acaɓa sun riga sun fara komawa babura masu lantarki, suna shiga tasha su ajiye batirin da ya ƙare su ɗauki cikakke cikin mintuna kaɗan, su biya ƙasa da abin da da suke kashewa a fetur. A Maiduguri, wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu fetur zuwa masu lantarki, kuma gwamnatin Borno ta sa motocin haya masu lantarki da masu iskar gas a titi a ƙarshen 2023 don sauƙaƙa wa jama'a kuɗin mota. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato an buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana tun 2021, a zamanin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Basira tana nan, rana tana nan, har ta yi mana yawa. Abin da ya rage shi ne a yanke shawarar wa za a fara yi wa.

Mun san abin da kuɗin mota ya yi wa aikinmu tun 2023, ko da ba a rubuta shi a wani rahoto ba. Mun san abokan aikin da suka jingine babur suka koma keke, da waɗanda suke kwana a ofishin makaranta daga Litinin zuwa Alhamis don ba za su iya zuwa su dawo kullum ba, iyali kuma suna can. Mun san malamai mata da suka nemi a dawo da su cikin gari, makarantun ƙauye suka rasa mace ko ɗaya, iyaye kuma suka fara janye 'ya'yansu mata. Mun san waɗanda suke zuwa kwana uku a mako, shugaban makaranta ya kawar da kai don ya san dalili. Idan mai duba makarantu ya zo, a cikin motar ofis da man ofis, ya rubuta cewa malamai ba sa zuwa aiki. A ranar malamai ta duniya ta 2020 an yi mana alkawarin tsarin albashi na musamman, da alawus ga masu koyarwa a karkara, da gidaje masu sauƙin kuɗi. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ya zama doka a 2022; sauran kuwa yawancinmu har yau a rediyo muka ji su. Akwai kuma kuɗin tallafin ilimin bai-ɗaya da ke kwance a Abuja saboda jihohi da dama ba su kawo nasu kason ba. Ba a taɓa jin an fasa sayen motocin manya don an rasa kaso ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka mu juyo gida. Cutar jif ba ta tsaya a gidan gwamnati ba. Ƙungiyoyin ma'aikata ma suna iya kamuwa da ita, kuma kuɗin da ake cira daga albashinmu kowane wata amana ce kamar kuɗin baitulmali. Shugaban ƙungiyar da ya je teburin sulhu cikin motar da ta yi daidai da ta wanda zai yi jayayya da shi, ya riga ya ajiye rabin hujjarsa a wurin fakin. Duk wanda ya nemi ƙuri'armu a zaɓen ƙungiya, a kowane mataki, ya kamata mu tambaye shi a bainar jama'a wace mota zai hau, da kuɗin wa, kuma mu rubuta amsarsa.

Abin da reshenmu zai kai gaban hukuma ba shi da wuyar fahimta. Muna neman a sa iyaka ga farashin duk motar da za a saya wa jami'i da kuɗin jama'a, mai fetur ce ko mai lantarki, a kuma buga adadin da farashin kowa ya gani kafin a saya. Wanda yake son abin da ya fi haka ya cika daga aljihunsa. Muna neman rangwamen haraji ya tsaya kan bas da A Daidaita Sahu da babura da kayan haɗa su, ya bar motocin alfarma su biya nasu cikakke. Idan har akwai kuɗin sayen farantan sola don cajin motocin ofis, a fara kafa su a rufin makarantu: da rana su juya fanka a aji, su kuma yi cajin baburan malamai da ke ajiye a inuwa har a tashi. Sannan a buɗe wa malamai, musamman na karkara, bashin babur mai lantarki marar ruwa, a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashi. Ƙungiyar adashinmu ta gata ta daɗe tana raba babura da buhunan shinkafa a kan bashi ba tare da kuɗi sun salwanta ba. Mun iya wannan aiki, jari kawai muke nema. Kuɗin jif guda ɗaya, a farashin 2023, ya isa a fara da malamai masu yawa a ƙaramar hukuma guda.

Za a ce mana ba a yin kasafi da haushi, sai da alƙaluma. Mun yarda, kuma alƙaluma sana'armu ce. Don haka muna roƙon kowane memba, daga ranar ɗaya ga wata mai kamawa, ya ware shafi guda a bayan littafin shirin darasinsa, ya riƙa rubuta abin da ya kashe kowace rana a zuwa makaranta da dawowa: kuɗin mai, kuɗin acaɓa, faci, gyara, da ranakun da bai samu zuwa ba saboda babu. Matan malamai da mazajen malamai su taya mu, don sau da yawa su suka fi sanin inda aka yanko kuɗin, ko daga cefane ko daga kuɗin makarantar yara. Wakilin kowace makaranta zai tattara shafukan a ƙarshen wata ba tare da sunaye ba, malaman lissafi na reshe za su haɗa jimla su fitar da kason da kuɗin mota ke ci daga albashin kowane mataki. Da wannan takarda za mu shiga ganawa ta gaba da hukuma, kuma za mu nemi a ajiye ta a tebur ɗaya da takardar sayen motocin.